Na je Salem, garin da aka rataye mutum 19 da sunan maita

Sati uku kenan da dawowata daga Amurka, yanzu gajiya ta sake ni shi ne nace bari in zauna in rubuta labarin wuri ɗaya da na je wanda har yau bai bar raina ba. Asali dai wani kwas ne na sati biyu ya kai ni Boston, amma tun ina Zariya na ƙulla a raina in Allah ya sauke ni lafiya sai na taka Salem da ƙafata, saboda tun muna jami'a wani malaminmu na tarihi ya taɓa ba mu labarin garin, cewa a 1692 turawa da hannunsu sun rataye maƙwabtansu wai mayu ne, kuma ranar da ya faɗa na daɗe ban yi barci ba don ya tuna mini wata tsohuwa ta unguwarmu.

Hanya ba wani abin faɗa sosai. Mota daga Zariya zuwa Kaduna da shingayen da muka saba, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kwana ɗaya a Abuja, sai jirgin sama zuwa Istanbul inda muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, daga nan kuma awa goma da ɗoriya a sama kafin Boston. Hajiya ta ƙulle mini kilishi in kai wa Yaya, ɗan wan babana ne da ya daɗe a can, amma shi da kansa ya bugo yace kar in kuskura, nama ba ya shiga ƙasar, don haka kuka da yaji da daddawa kawai na ɗauka kuma na faɗa musu ina ɗauke da su. Ma'aikacin ya kwance ledar daddawa ya shinshina, ya dube ni, ya ɗaure ya miƙo mini yace in wuce.

A gidan Yaya na sauka a Malden, wannan ya rage mini kuɗin otal wanda a Boston tsadarsa sai wanda ya gani. Daren Juma'a muna cin tuwon da matarsa ta yi da kukar da na kawo nace Yaya gobe ina so in je Salem. Ya ajiye cokali yace "kai ƙanena, duk wuraren da ke ƙasar nan ka rasa inda za ka sai garin mayu?" Anti kuwa cewa ta yi in dai za mu to mu yi addu'o'inmu kafin mu fita. Shekararsa goma sha a jihar bai taɓa zuwa ba, amma ya yarda zai raka ni, sharaɗinsa kawai ba za mu je da mota ba don watan Oktoba ne, ba wurin fakin.

Da safe muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa North Station, muka yanki tikitin ƙarshen mako dala 10 kowa, ka yi ta hawa Asabar da Lahadi. Tafiyar wajen rabin awa ce. Tun a cikin jirgin na fara ganin abin da ban shirya masa ba, jirgi cike maƙil da mutane sanye da baƙaƙen kaya da huluna masu tsini, wasu sun shafa fenti a fuska, mata da yara har da tsofaffi, suna ta raha. Yaya yace bikinsu na shigar mayu da fatalwa da suke kira Halloween ne ke matsowa kuma Salem ce cibiyarsa. Da muka sauka sai abin ya ƙaru, shaguna jere suna sayar da tsintsiya da hula da kofuna masu hoton mayya, har motar 'yan sandan garin hoton mayya ce a kan tsintsiya a jikin tambarinta. Wallahi raina ya ɓaci. Mutanen nan da aka kashe, abin da ya sa aka kashe su shi ne sun ƙi yarda su ce su mayu ne, sun gwammace igiya a kan su yi wa kansu ƙarya a gaban Allah, yau kuma garin da sunan maita yake cin abinci. Kuma sunan garin fa daga kalmar Ibraniyanci ce mai nufin zaman lafiya, 'yar uwar salama tamu.

Mun biya dala 30 kowa muka bi wani dattijo mai zagayawa da baƙi, tsohon malamin makaranta ne, na zaɓe shi ne don tun farko yace shi tarihi zai faɗa ba tatsuniyar fatalwa ba. Ya fara kai mu wurin tunawa da aka gina a 1992 a gefen tsohuwar maƙabarta. Wuri ne ɗan ƙarami, katangar dutse ta kewaye shi ta gefe uku, a jikinta an fito da falalen duwatsu 20 kamar benci, kowanne da suna da yadda aka kashe mutum da ranar. Bridget Bishop, rataya, 10 ga Yuni 1692, ita ce ta farko. Giles Corey, tsoho mai wajen shekara 80, shi ba rataye shi aka yi ba, ya ƙi yarda a yi masa shari'a sai aka kwantar da shi aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya cika ranar 19 ga Satumba. A bakin shiga an sassaƙa kalaman da suka faɗa a kotu na cewa ba su da laifi, amma da gangan aka bar katanga ta danne ƙarshen maganar, ba ka iya karantawa har ƙarshe. Tsallaken katangar kuma ga kabarin John Hathorne, ɗaya daga cikin alƙalan da suka titsiye su.

A nan tsaye cikin sanyi dattijon ya fara warware mana dalilai. Su 'yan Puritan ɗin nan Kiristoci ne da suka baro Ingila saboda suna ganin cocin can bai tsarkaka ba, suka zo suka kafa abin da suke ɗauka al'ummar Allah ce, kuma sun yarda ɗari bisa ɗari Shaiɗan na yaƙarsu ido da ido. Maye a wurinsu shi ne wanda ya sa hannu a littafin Shaiɗan, hukuncinsa kisa, suna kafa hujja da aya a littafin Fitowa 22:18. To in saniyarka ta mutu ko jaririnka ya rasu ko man shanu ya ƙi haɗuwa, ba a cewa tsautsayi ne, ko dai Allah ke horonka ko wani ya sa maka hannu, kuma zuciyar ɗan Adam ta fi son na biyun. Shekara huɗu kafin Salem, a 1688, an rataye wata tsohuwa 'yar Ayalan a Boston kan 'ya'yan wani gida da suka riƙa shure-shure, babban malaminsu Cotton Mather ya rubuta labarin dalla-dalla ya bazu, ke nan mutane sun riga sun san yadda wanda aka kama yake yi.

Sai dai imani da maita ai ya daɗe tare da su, me ya sa sai 1692 wuta ta kama haka? A nan ne ya kawo maganar yaƙi, abin da ban taɓa ji a aji ba. A lokacin ana gwabzawa a yankin Maine da ke arewa da su tsakanin turawan Ingila da 'yan asalin ƙasar, Wabanaki, da Faransawa ke mara wa baya, ana ƙona garuruwa, 'yan gudun hijira na kwararowa kudu. A Janairun 1692 aka afka wa garin York, wanda yau bai fi awa ɗaya a mota ba daga Salem, aka kashe mutane da yawa har da limamin cocinsu aka kwashi wasu. Ɗaya daga cikin 'yan matan da suka fi nuna mutane, Mercy Lewis, marainiya ce da yaƙin ya cinye danginta, ta ƙare tana aikatau a gidan mutane. Da na ji haka sai yaran da na gani a sansanin 'yan gudun hijira a gida suka faɗo mini, yaron da ƙarar faɗuwar kwano ke sa shi rawar jiki, wa ya san abin da yarinyar nan take gani in ta rufe ido. Ga shi kuma ba tsayayyar gwamnati, Ingila ta soke takardar izinin mulkinsu tun 1684, sabon gwamna William Phips bai iso ba sai Mayun 1692, ya tarar da kurkuku cike, ya kafa kotu ta musamman cikin gaggawa.

Azahar ta yi muka nemi abinci, kifi da soyayyen dankali muka ci don shi ne muka natsu da shi, dala 22 faranti ɗaya, ban yarda na lissafa shi da naira ba sai da na gama. Muka samu gefe a babban filin garin muka haɗa azahar da la'asar a kan rigar sanyin Yaya, ba wanda ya kula mu.

Abin da dattijon ya faɗa wanda ya canza mana shiri shi ne, ashe ba a cikin Salem ɗin nan abin ya fara ba, a ƙauyenta ne da ake kira Salem Village, wanda aka canza wa suna zuwa Danvers a 1752. Muka kira mota ta waya, wajen dala 20, minti ashirin muka isa. Can ba hula ba tsintsiya, unguwa ce shiru da gidajen mutane da bishiyoyi sun yi ja da rawaya. Sai da muka wuce wurin sau biyu kafin muka ga wata 'yar siririyar hanya tsakanin gidaje biyu, muka bi ta, sai ga ramuka da aka jera wa duwatsu, tushen gidan fasto Samuel Parris kenan da aka tono a 1970. Na tsaya a bakin ramin ina mamakin ƙanƙantarsa, ɗakin tsakar gidanmu ya kusa girmansa. A nan ne 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan uwansa Abigail Williams mai 11 suka fara faɗuwa suna ihu suna cewa ana mintsininsu, a tsakiyar hunturu. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa, gidan limamin gari.

Shi Parris ɗin ɗan kasuwa ne da kasuwa ta ƙi a Barbados ya koma wa'azi, kuma ƙauyen da ya zo ya riga ya kori ko ya gajiyar da fastoci uku kafin shi saboda rigima. Tun zuwansa a 1689 ake ja-in-ja kan albashinsa da itacen jin ɗumi da mallakar gidan, a Oktoban 1691 aka zaɓi kwamitin da ba ya sonsa suka ƙi karɓar harajin da ake biyansa da shi. To mutum ba albashi, itace na ƙarewa, ƙanƙara na zuba, kullum yana hawa mumbari yana cewa Shaiɗan ya shigo cikin coci, yara na zaune suna ji a gida da waje. Likita ya duba yaran ya rasa gane ciwon yace hannun mugu ne. Wata maƙwabciya ta sa aka kwaɓa gari da fitsarin yaran aka gasa aka ba kare wai don a gano mai hannu, ka ji fa, su ma suna da nasu surkullen. Da aka matsa wa yaran su faɗi suna sai suka kama mutum uku, Tituba baiwar gidan, Sarah Good mai bara gida-gida wadda in an hana ta take tafiya tana gunaguni, da Sarah Osborne mai jinya da ta daɗe ba ta zuwa coci kuma tana rigimar gado da dangin mijinta na farko. Duk marasa gata. Har 'yar Sarah Good mai shekara 4 sai da aka kulle.

Yaya ya tambaye ni ko na yarda da maganar da ake yi cewa guba ce a hatsi. A 1976 wata mai bincike, Linnda Caporael, ta kawo cewa wata cuta ce da ke kama hatsinsu dangin alkama, kamar yadda burtuntuna ke kama dawa, in an ci tana sa fizge-fizge da gane-gane. Nace masa ni dai bai shige ni ba, kuma masana da yawa sun ƙi ta, don tukunya ɗaya ake ci a gida, me ya sa sai wasu 'yan mata, kuma me ya sa ciwon ke tashi daidai lokacin da aka shigo da wanda ake tuhuma kotu ya lafa in an fita da shi. Ni abin ya fi yi mini kama da abin da muke gani a makarantun kwana na 'yan mata, ɗaya ta faɗi kafin yamma goma sun faɗi. Na yarda na farkon tsoro ne na gaske ya kama su, daga baya kuma yaran da ba a taɓa sauraronsu ba suka ga manyan gari na rawar jiki a kan maganarsu, wasu kuma manya na bayansu suna raɗa musu suna.

Daga nan muka taka zuwa gidan Rebecca Nurse, jan gidan katako a tsakiyar fili, yana nan tsaye. Wata dattijuwa mai aikin sa kai ta zagaya da mu. Rebecca shekararta 71, mai ibada, mai 'ya'ya da jikoki, kunnenta ya yi nauyi, maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda cewa ba su san ta da mugun abu ba. Masu yanke hukunci ma da farko cewa suka yi ba ta da laifi, 'yan matan suka ɓarke da ihu, alƙali yace su sake dubawa, aka yi mata wata tambaya ba ta ji ba ta yi shiru, shirun nan aka riƙe. Aka rataye ta 19 ga Yuli. Nace wa matar to ita kuma me ta yi musu, tace in duba wa ya kai ƙara. Gidan Putnam, wani babban gida a ƙauyen. Danginta sun daɗe suna rigimar iyakar gona da su ta wajen Topsfield, kuma ita da ƙannenta mata biyu duk aka tuhume su, aka rataye biyu. Ɗayar ma laifinta kawai ta tashi ta fice daga coci ranar da Parris ya yi huɗuba cewa akwai shaiɗan a cikin jama'a, ƙofa ta bugu a bayanta.

Labarin Putnam ɗin ne ya sa ni da Yaya muka kalli juna, domin 'yan ubanci ne tsantsa irin wanda muka sani. Mahaifin Thomas Putnam ya mutu a 1686 ya bar mafi kyawun dukiya ga amaryarsa da ɗanta Joseph, shi kuma Joseph ya je ya auro 'yar gidan Porter, abokan hamayyarsu masu arzikin da ke jingine da kasuwar cikin gari, alhali su Thomas noma kawai suka riƙe kuma yana ja da baya. Thomas ne ya fi kowa shigar da ƙara, 'yarsa Ann mai shekara 12 ta kama sunan gomman mutane, matarsa ma ta shiga, Mercy Lewis kuma a gidansa take aikatau. Har tsohon faston ƙauyen George Burroughs, wanda wani ɗan gidan Putnam ya taɓa sa aka kama kan bashi, sai da aka je har Maine aka taho da shi aka rataye, duk da ya karanta addu'arsu tiryan-tiryan a gindin igiya, abin da suka ce maye ba ya iyawa.

Da matar ta zo kan yadda ake gwaji, cewa ana kawo wanda ake zargi ya taɓa yarinyar da ke shure-shure in ta lafa to shi ne, sai na ji ƙafata ta yi sanyi na nemi benci na zauna. Ina ɗan shekara tara aka yi haka a unguwarmu. Wani yaro zazzaɓi ya yi masa zafi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ba ta da ɗa ba ta da jika, nan take aka ce ta kama kurwarsa, aka jawo ta tsakar gida zaninta na kwancewa aka ce sai ta tsallaka shi. Tana kuka tana rantsuwa da Allah ta tsallaka sau uku. Mu yara muka bi ta da jifa har ƙofar gidanta, ni ma na jefa, ina tuna dutsen a hannuna. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen ƙulinta.

Bambancin Salem da unguwarmu shi ne can hukuma ce ta karɓi maganar ta sa mata hatimi. Kotun ta yarda da abin da zan kira shaidar kurwa, yarinya tace kurwar wance ta zo mini da dare ta shaƙe ni, ba wanda ya gani sai ita, kuma a karɓa, to ta ina za ka kare kanka. Sannan wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu ba a rataye shi, wanda ya tsaya kan gaskiyarsa shi ke tafiya, shi ya sa sama da mutum 50 suka amsa, sunaye suka yi ta haihuwar sunaye har waɗanda aka zarga suka haura 150, garin Andover ma ya fi ƙauyen yawan waɗanda aka kama. Sai da abin ya fara taɓa manya, malamai irin su Increase Mather suka ce gara mayu goma su kuɓuta da a kashe mutum ɗaya mara laifi, sannan gwamna ya rushe kotun a ƙarshen Oktoba. A 1697 alƙali Samuel Sewall ya miƙe a coci aka karanta tubansa, a 1706 Ann Putnam ta nemi gafara a gaban jama'a ta ambaci Rebecca da 'yan uwanta. Ta ƙarshe da aka wanke, Elizabeth Johnson, sai a 2022, kuma 'yan makaranta ne suka bi mata kadi.

Magariba ta kusa muka koma Salem muka tsaya a Proctor's Ledge, inda masana suka tabbatar a 2016 nan ne aka yi ratayar. Gindin wani tudun dutse ne a cikin unguwa, bayan wani kantin magani, 'yar katanga mai sunaye 19 da bishiya ɗaya a tsakiya. Mu kaɗai ne a wurin sai wata mata da ta ajiye fure ta wuce. Yaya da ya yi ta tsokanata da safe bai ce uffan ba har muka shiga jirgi, sai da muka kusa Boston yace shi ma yana tuna tsohuwar nan mai ƙuli.

Ranar da na dawo Zariya bayan na huta na shiga gaida Hajiya, na ba ta tsarabarta, muna cikin hira nace Hajiya wai tsohuwar nan da aka sa ta tsallaka yaro ina ta ƙare. Ta yi shiru tana jan carbi, tace Allah ya jiƙanta, ai ba ta ƙara wata uku a unguwar ba ta koma ƙauyensu can ta rasu. Nace to yaron fa, tace shawara ce, da aka kai shi asibiti ya warke. Sai ta rage murya tace gidan da take ciki na mijinta ne, tun da ya rasu ƙannensa ke so ta tashi su sayar ta ƙi, kuma uwar yaron 'yar ɗaya daga cikinsu ce. Nace wane gida ne ma, tace wanda aka rushe aka yi shagunan nan na bakin titi, inda kake sayen kati.